Dalilin Zuwa Gwarzo

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ki ta sauke ki lafiya, ya haɗa ki da masauki mai ruwa da maƙwabta masu kunya. Allah ya tsare ki daga direba mai gaggawa da abokiyar zama mai dogon kunne. Sunan mahaifiyata aka sa miki, bakina bai taɓa kama shi ba, kuma ba zan fara a takarda ba. Labarin gida babu, tunda ina rubutun nan kina ɗaki kina haɗa kaya. Zan tura takardar ƙarƙashin ƙullin daddawar da Innarki ta sa miki, don na san sai kin isa birni kin yi marmarin miyar kuka za ki kwance shi.

Da farko ina taya ki murnar shiga sahun masu kafa allo. Ni a duniya ban ga abu mai albarka kamar allon sanarwa ba. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya neman hutu. A kafa shi a bakin hanya, a rubuta an kawo lafiya, shi ke nan lafiya ta zo, ko da jemagu ne ke zaune a ɗakin da ke bayansa. Manya su iso da fararen motoci, a raba riguna da huluna, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida da lada. Na san darajar allo domin ni ma na taɓa kafa ɗaya. Shi ne yanzu rufin akurkin kajin Innarki, rubutun yana kallon ƙasa. Za mu zo kansa.

Shekaranjiya da la'asar kin zauna kina yi mini bayanin aikin da kika samu, ofishin da ake tsara yadda za a kai wa masu cutar ƙanjamau magani da yadda za a hana ta yaɗuwa. Kika ce shawarar da ke kan tebur ita ce a mayar da fayil ɗin kowa asibitin da ya fi kusa da gidansa, a huta da hawa mota. Kin yi magana kamar a rediyo, har na ji kaina ya ƙara girma. Ban sani ba ko kin lura taɓaryar Innarki ta tsaya a cikin turmi, ba ta sake tashi ba sai da kika gama.

Da kika fita ta ce, “Malam, rubuta mata.”

Na ce, “In rubuta me?”

Ta ce, “Duka. Amma ka fara da naka, ya fi yawa.”

To ga nawa.

Kin taso kin tarar da ni ina awon hatsi ana ce mini Mai Lasifika, kina zaton don ƙarfin muryata ne. A'a. Kafin a haife ki ni mai tallan magani ne. Ina da tsohon babur, da lasifika ɗaure da roba, da jarka biyu. Ran kasuwar Getso ina Getso, ran ta Gwarzo ina Gwarzo, Garo da Masanawa kuwa har karnukansu sun san ƙarar babur ɗina. Abin da ke cikin jarkar sassaƙe ne da tsamiya da citta da ɗan kanwa. Ba ya kisa, ba ya kuma warkar da komai, iyakarsa ya saki ciki mutum ya ce ya ga aiki. Amma in na buɗe baki, basir, shawara, sanyi, dattin ciki, duk sai su jeru su durƙusa. Sannan in rage murya, in matso da bakina jikin lasifika, in ce, “Har da waccan da ba a faɗin sunanta. Mai wanke jini ne. Wanda ya san kansa kada ya matso yanzu. Ya bari a watse, ya zo ya ce na basir yake so, ni na gane.”

Kuma suna zuwa. A lokacin kabari salamu alaikum ake ce wa cutar, mutum in ya rame sai a fara janye tabarma daga kusa da shi. Suna zuwa su ce na basir, in ba su, su tafi, wata kasuwar in nemi fuskarsu in rasa. Ban san adadinsu ba, Allah ya sani, kuma zai tambaye ni.

Abu biyu za ki ɗauka a nan. Na ɗaya, kada ki taɓa yi wa magani ƙari. Wanda kuke bayarwa ba ya fitar da cutar, kwantar da ita yake yi muddin ana sha kullum. Ki faɗa haka ƙarara, ko da mai sauraro ya so jin abin da ya fi wannan daɗi, domin gaskiyar maganin nan ta fi duk ƙaryar da na taɓa shiryawa ban mamaki. Na biyu kuwa, ki lura da abin da maƙaryaci ya sani: ban taɓa sa mutum ya faɗi ciwonsa a gaban jama'a ba. Na ba shi abin da zai ce. Ki riƙe wannan, domin ni da kaina na manta shi daga baya.

Innarki tana da cikinki wata huɗu zazzaɓi ya matsa mata, yayarta ta kai ta awo birni. Ta dawo da takarda da saƙon cewa ana son ganin mijinta. Na karɓa na karanta, ai na kai aji uku a sakandare. Na ninke na sa a aljihu na ce injinsu ne ya lalace.

Na san ba injin ba ne. Ita daga gidan ubanta a Getso sai gidana. Ni kuwa kafin aure na yi shekaru ina bin motocin shanu zuwa kudu, kuma ba kullum a masallaci na kwana ba. Iyakar abin da uba zai iya faɗa wa 'yarsa ke nan, kuma ya isa ki gane. Ni na kawo. Na ƙi zuwa asibiti, na cika kwalba daga jarkata na miƙa mata, na ce ta riƙa shan ludayi ɗaya da safe. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, “To, Malam.”

Kullum kwalba tana raguwa, in ƙara. A watan nan ne ta ce tana so ta fara sana'ar daddawa, akwai wata mata a birni da ke saye. Na bar ta. Duk wata ta ɗauki kwanonta ta tafi ta dawo. Zazzaɓi ya tafi, jikinta ya murje, ni kuwa sai na fara kallon jarkata da girmamawa. Har cewa na yi a raina, ashe dai ban san abin da na haɗa ba. Da haihuwa ta zo ta ce ungozomarmu ta tsufa, ita asibiti za ta. Da aka dawo da ke na ga tana ɗiga miki wani ruwa a baki, ta ce na ƙarin jini ne. Ban tambaya ba. Namiji in ba ya son amsa ya iya rashin tambaya.

Kin fara gudu a tsakar gida lokacin da abin ya kama ni. Tari, gudawa, rama, har mazagin wandona sai na zagaya shi sau biyu. Na sha jarkata har na ƙoshi. Murya ta tafi, na rataye lasifika. Wata rana da hantsi ina kwance a inuwar rumbu ta zo ta zauna kusa da ni da kwanon daddawarta.

Ta ce, “Malam, ka ga zogalen can na bayan makewayi?”

Na ce, “Na gani.”

Ta ce, “Shi ya sha maganinka. Shekara biyu, ludayi ɗaya da safe. Ka ga ya yi kyau. Sai dai shi ba shi da abin da muke da shi.”

Ta ɗaga ganyen da ta rufe daddawar, ga wata farar roba a ƙasa cike da ƙwayoyi. Ta ce wannan ce ta riƙe ta. Sannan ta zaro wata takarda daga haɓar zaninta ta ce, “Wannan kuma ta Uwarka ce. An gwada ta tana jaririya, an sake bayan yaye. Babu.”

Uwata, na yi shekaru ina sayar da abin al'ajabi da baki. Na ce maganina ya ta da gurgu a Masanawa, na ce ya sa tsohuwa ta zare allura ba tabarau. Amma ko a ranar da ƙaryata ta fi ƙarfi ban taɓa tunanin in ce mace mai wannan cuta za ta ɗauki ciki wata tara, ta ci ɗan cikinta ya ci, ta haife shi cikin jini, ya fito ba ko ɗigo ba. Da na faɗi haka a lasifika da an jefe ni. Ga shi kuma abin yana gudu a gabana da ƙazamin hanci yana bin kaza. Na kalle ki, na kalli robar, ƙwaya ba ta kai waken suya ba. Har yau in na ɗauko tawa da safe sai na ɗan tsaya na dube ta a tafin hannuna kafin in yi bismilla. Allah ya sanar da bayinsa abin da ya so, ya kuma ɓoye shi a ƙasan daddawa a gidan mai jarka. Ƙannenki uku duk haka suka zo, babu.

Washegari ta kai ni Gwarzo, don lokacin an fara bayarwa a can. Nas ɗin da ta karɓe mu, Sista muke ce mata, ta ɗago ta dube ni ta ce, “Ba kai ne mai wanke jini na kasuwar Getso ba?”

Na ce, “Ni ne.”

Ta ce, “Jarkar ta ƙare ne?”

Na ce, “Da saura, Sista. In kina so in kawo miki.”

Ta yi dariya har ta ajiye biro, ta jawo mini kujera, ba ta sake tayar da maganar ba. Kafin kaka na koma zagaya mazagi sau ɗaya. Na juye jarka biyun a gindin zogale, na sayi mudu na koma awon hatsi.

Abin da zan gaya miki a nan shi ne, a takardunku mace ce ake fara gwadawa, saboda ita ke zuwa awo. Ita kaɗai za ta ɗauko sakamakon ta kawo wa namiji irina a ƙofar ɗaki. Ni ninke takardar kawai na yi, wani saki zai rubuta a bayanta. In kuna zaune kuna tsari, ki tuna da ƙofar nan. Ku nemo yadda za a kira miji ya zo da ƙafarsa ba tare da ya ji an kama shi ba. Kada kuma ki bari a rubuta a gabanki cewa matan ƙauye ba su da wayewa. Ke 'yar wadda ta shayar da zogale ce. In aurenki ya tashi, ku yi gwaji ke da shi, ku ji sakamakon da kunnenku a ɗakin likita, kada ya zama takardar da za a riƙa miƙawa hannu-hannu a zaure.

Yanzu allo.

Kin tuna Haruna tela, wanda ya ɗinka miki rigar firamare, shagonsa yana kallon tasha. Ki riƙe sunansa a cikinki, ban taɓa faɗa wa kowa ba bayan Innarki. Zuwana na uku Gwarzo na tarar da shi a kan bencin da muke jira. Ya gan ni, na gan shi, babu wurin gudu.

Ya ce, “Mai Lasifika, me ya kawo ka Gwarzo?”

Na ce, “Farashin dawa na zo ji. Kai fa?”

Ya ce, “Zare da maɓalli.”

Na ce, “A nan ake sayarwa?”

Ya ce, “A nan layin yake farawa.”

Shekara da shekaru haka muke. Mu zauna kafaɗa da kafaɗa, mu yi hirar damina da siyasa, a kira lambarsa ya shiga, a kira tawa in shiga, mu koma a mota daban-daban. Ba mu taɓa kiran sunan abin ba. Kuma da gaske yake sayen zaren da maɓallin, ya sauka a tasha yana lilo da leda kowa ya gani. A bencin nan na lura da wani abu: mutanen cikin garin Gwarzo ba su da yawa a kansa. Mu ne, mutanen wajen Kabo da ƙauyuka. Su nasu sun wuce birni ko wani garin. Motocinmu kan yi kiciɓis a hanya, kowa da ledarsa, kowa da abin da ya ce zai saya. Mai daddawa, mai maɓalli, mai duba 'yar uwa da ba ta da lafiya shekara goma ba ta warke ba ba ta mutu ba. Kowa da dalilinsa, kuma dalilin nan shi ne rabin maganin.

Sai Dagaci ya sa ni a kwamitin lafiya na garinmu, don an san ina da baki. Ba wanda ya san nawa. Na shiga da zafi irin na wanda ya tuba. Na ga tsofaffi a bencin nan da suka taso tun asuba, na ga yadda damina ke cinye hanya, na ce wannan zalunci ne. Na yi ta zirga-zirga sakatariya, na tsaya gaban manya na ce, “Ranku ya daɗe, mutum da ciwonsa a ce sai ya hau mota kafin ya sha magani?” Bakin da ya sayar da tsamiya ai ba zai kasa sayar da gaskiya ba. Aka ba mu. Ɗaki guda a ƙaramin asibitin garinmu, rana guda a mako, Laraba. Allon kuwa shawarata ce. Ni na zaɓi launi, ni na tsaya kan mai fenti na ce ya ƙara girman baƙaƙen, a iya karantawa daga tasha. Don kada ɗakin ya zauna ba kowa mu ji kunyar manya, mu 'yan kwamiti muka nemi a dawo da fayil ɗin duk wanda adireshinsa yake garinmu, wanda kuma yake son komawa Gwarzo sai ya karɓo takarda daga wannan ɗakin.

Ƙofar ɗakin tana kallon famfon da mata ke layin ruwa. Gefe guda ga teburin mai shayi. Ni da na yi shekaru ina cewa a bari a watse, na tsaya a wurin ran buɗewa da sabuwar hula ban ga komai ba sai kyan fenti.

Ni da Innarki abin bai taɓa mu ba. Tun ranar farko adireshin gidan ubanta na Getso ta bayar, nawa ma shi ta sa aka rubuta. Haruna kuwa mutum ne mai gaskiya, ya faɗi unguwarsa har da lambar shago.

Bayan biki na biya shagonsa da hular a kaina. Yana kan keke bai ɗago ba.

Ya ce, “Sannu da aiki, Mai Lasifika. Allon ya yi kyau. Daga nan ma ina karantawa.”

Na ce, “An huta da mota, Haruna.”

Ya ce, “An huta. Sai dai ban san abin da zan ce na je saya a bakin famfo ba.”

Na yi dariya. Na ɗauka irin barkwancinmu na benci ne. Yana da 'yan mata uku da ba su yi aure ba, yana da masu kawo ɗinki da ke sa abin da hannunsa ya taɓa a jikinsu. Ɗakin taku kaɗan ne daga shagonsa, bai taɓa takawa ba. Ya koma Gwarzo sau ɗaya, aka nuna masa takardar da mu muka rubuta. Ya dawo da ledar zare, ba roba a ciki.

Ni ina can ina taron kwamiti. Na lura bana ganinsa a benci, na ce ai yana karɓa a gida, aikina ne ya yi kyau. Na lura ƙarar kekensa ta ragu, na ce kasuwa ce. Sai da na wuce wata rana na ga shagon a rufe da rana tsaka sannan maganar famfon ta dawo mini. Na shiga gidansa na same shi kamar yadda Innarki ta same ni a inuwar rumbu, sai dai shi ya wuce nan. Na ɗauke shi a mota zuwa Gwarzo, suka karɓe shi da gudu, suka yi iyakar yinsu. A hanya ya buɗe ido ya ce, “In an tambaya, zare muka je saye.” Bai kai girbi ba.

Wurin zaman makoki wasu suka ce taifot, wasu suka ce sammu. Bayan kwana bakwai matarsa ta aiko a kira ni, ta turo wani babban gwangwani ta bayan labule, cike da maɓalli har baki, ta ce, “Malam, kai abokinsa ne. Me zai yi da maɓalli haka?” 

Innarki ce ta amsa, a irin tata hanyar. Da matar ta fita takaba ta je ta ce mata sana'ar daddawa ta yi mata yawa, tana neman mai taya ta ɗaukar kwano zuwa Gwarzo. Ba zan gaya miki abin da gwaji ya nuna ba, ba nawa ba ne. Yau dai matar tana nan da ranta, ta aurar da 'yan matan uku.

Ni kuwa na sami Dagaci shi kaɗai bayan azahar na ce a cire allon. Ya ce manya ne suka buɗe, da wane baki za mu ce mun fasa. Na ga duk dabarar kasuwa ba za ta yi ba. Na zaro robata daga aljihu na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, “Tun yaushe?”

Na faɗa masa.

Ya ce, “Kuma kai ka fi kowa ƙiba a kwamitin.” Sannan ya ce, “Je ka cire allonka.”

Har yau bai faɗa wa ko matarsa ba, Allah ya ƙara masa girma. Muka cire allo, muka soke Laraba, aka mayar da maganin tagar da kowa ke karɓar na zazzaɓi da na hawan jini, aka ce mai son kusa ya karɓa kusa, mai son nesa a bar masa hanyarsa. Daga nan ne tsofaffin da na yi wa faɗan tun farko suka fara zuwa, don yanzu suna da abin cewa: ƙafa ce ke ciwo.

Saboda haka kada ki ce Babanki yana adawa da kawo magani kusa. Ku kawo, akwai masu buƙata. Amma ƙofa ɗaya, layi ɗaya, kowace rana, kuma kada ku rufe wa kowa hanyar nesa. Ku sa mai shan maganin a teburin da ake yanke shawara, ba wanda ya karanta labarinsa kawai ba. Kuma ku tsaya kan manya kada maganin ya yanke. Muna jin raɗe-raɗin masu taimako daga waje suna iya janye hannu. Abin da mutum ke haɗiya kullum don ya wayi gari bai kamata ya rataya a kan yadda baƙo ya tashi daga barci ba.

Ga abin da ya sa taɓarya ta tsaya. Zuwan Innarki na ƙarshe an ɗauki hoton yatsanta a na'ura, an tambayi inda take kwana na gaskiya, kuma ta ji a benci ana cewa ana shawarar mayar da kowa garinsu. Sai ga 'yarta ta zo da maganar har tsakar gida. Mai ba da magani a tagar garinmu yanzu surukar maƙwabciyarmu ce. Mutuniyar kirki ce, ban taɓa jin ta da surutu ba, amma ita Innarki ke ba aron turmi. Innarki ta ce mini, “In aka dawo da ni nan, na bar wa Allah.” A hankali ta faɗa, tana tsince hatsi a ƙwarya. Na taɓa jin irin wannan muryar sau ɗaya na yi dariya. Abin da ke robarta zai kai ta bayan kaka.

Ba alfarma nake nema mata ba. In kika gyara wa uwarki ita kaɗai kika bar sauran 'yan benci, kin yi irin tawa, na tsira da adireshin Getso na bar Haruna da allo. Na san ke ƙarama ce a ofishin, watakila rubuta abin da manya suka faɗa za a ba ki. Ba komai. Ki koyi wannan daga tsohon mai talla: ba a cin kasuwa da ihu. Ki bari hayaniya ta lafa, ki rage murya, ki ce kin san wani tela. Kada ki faɗi suna, kada ki faɗi gari. Ki ba su labarin gwangwanin maɓalli, sannan ki nemi a ƙara layi ɗaya a takardar, cewa sai wanda ya so. Layin nan ɗaya shi ne abin da muka aike ki birni ki samo.

In kin kira waya kada ki yi kuka, kada ki yi mata tambaya. Ki gaishe ta kamar kullum, ki ce daddawa ta yi daɗi. Za ta gane kin karanta. Takardar nan kuma ki san inda za ki ajiye ta, ko ki ba wuta.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare mutuncinki da lafiyarki, ya sa bakinki ya fi nawa gaskiya, ya kai nawa kaifi. Ya haɗa ki da shugabanni masu saurare, ya raba ki da son hoto. Allah ya jiƙan Haruna, ya yafe wa wanda ya zaɓi launin fenti. Ya dawo mana da ke lafiya mu gan ki da idonmu, ni da wadda ta riƙe mu duka. Amin.

Mahaifinki,
Isiyaku Mai Lasifika

Na ninke takardar sai na tuna abu ɗaya. Ƙullin da ke hannunki ragowar wanda ta kai Gwarzo ne wancan watan. Shekara ashirin da ɗoriya tana ɗaukar kwanon nan, ta tafi da shi cike ta dawo da fiye da rabi, don mutanen Gwarzo suna da tasu daddawar, ta ma fi tamu. Duk unguwa sun yarda ita ce 'yar kasuwar da ta fi kowa rashin sa'a, kuma ta fi son a san ta da haka. To ke da za ki zauna cikin masu tsari, in kun kawo mata magani har ƙofar gida, daddawar nan ina za ta kai ta?